Kafin ka karɓi makullin tirela: abin da sabon direba zai tambaya a Sakkwato

Yawancin samarin da ke neman aikin tuƙin babbar mota a Sakkwato da tambaya ɗaya suke shiga ofis: nawa ne albashi? Da an faɗi adadin da ya kwanta musu, sai su nemi biro. Albashi kuwa a wannan sana'a shi ya fi sauƙin faɗa da baki, shi kuma ya fi saurin zagwanyewa kafin ya iso aljihu. Tirela tana tafe da dukiyar miliyoyi a bayanta, tana shan man gas na ɗaruruwan dubban naira a sawu guda, tana bin hanyar da taya ke fashewa, buhu ke yagewa, jami'i ke tsayarwa. Kowane sawu akwai abin da zai salwanta. Abin da ya kamata sabon direba ya sani kafin ya taɓa makulli shi ne, in abu ya salwanta, wuyan wa zai hau?

Na san abin da ke ɗaure wa yaro baki. Ya yi shekaru yana karen mota, yana kwana ƙarƙashin bodi, yana ɗaure tamfol cikin rana, yau ga shi za a damƙa masa mota. Sau da yawa kuma wani babba ne ya kawo shi, kawunsa ko maigidan da ya koya masa tuƙi, sai ya ga kamar in ya cika tambaya ya kunyata wanda ya tsaya masa. Amma addininmu ma bai yarda a ƙulla aikin lada cikin duhu ba. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san aikin, a san ladan. Kuma akwai yadda ake tambaya ba tare da an zubar wa kowa da girma ba. Ka gaida mutum, ka zauna, ka ce, "Ranka shi daɗe, ina son in gane wanga aiki da kyau don kada in ɓata muku. In mota ta ɓaci bisa hanya, wa ka biyan gyara?" Mai motar da ke da niyyar alheri zai amsa, har ya ji daɗin ya sami mai hankali. Wanda ya ɓata rai don an tambaye shi wannan, ya riga ya ba ka amsa.

Farkon abin da za a warware shi ne wanda ya ɗauke ka, domin ba kullum mai magana da kai ne maigidanka ba. Akwai alhajin da ke da mota biyu ko uku, yana dakon albasa daga Ramin Kura ko Gada, ko shanu daga Illela da Achida zuwa Kudu. Akwai kamfanin sufuri mai jerin motoci da gareji da manaja. Akwai kuma ɗan kwangilar da aikinsa kawai ya samo wa wani babban kamfani direbobi. Dubi tirelolin da ke layin lodin siminti a Kalambaina: wasu na kamfani ne, wasu na dillalai, wasu na masu dako a kan kwangila, kuma fentin da ke jikin ƙofa ba ya gaya maka wanda zai biya ka. Tambayi sunan da zai fito a saman takardar ɗaukar aikinka, da wanda zai riƙa turo albashi. In ɗan kwangila ne, yana da lasin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kamar yadda doka ta wajabta masa? Ranar da kwangilarsa ta ƙare, ina matsayinka? Akwai direbobin da sai ranar da suka ji rauni suke gane kamfanin da suka daɗe suna sa rigarsa bai san da zamansu ba a takarda. Wanda kuwa ya turo maka saƙo ta WhatsApp da tambarin wani sanannen kamfani, ya ce ka tura kuɗin fom asusun wani mutum, kada ka tura, ka je ƙofar kamfanin da ƙafarka.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce dole a ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin ya wuce wata 3 da fara aiki: wanda ya ɗauke shi, irin aikin, yawan lada da yadda ake lissafa shi, lokacin biya, hutu, da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar in za a raba gari. Wata ukun iyaka ce aka sa wa kamfani, kai ba abin da ya hana ka neman ganin sharuɗɗan tun ranar farko, tun ran gini ran zane. Da Turancin lauyoyi ake rubuta su. Ka nemi kwafi ka je gida da shi, wani da ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi har shafin ƙarshe. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da aka bar gurbin adadi ba komai, wai za a cike daga baya. Kai ma ka zo da naka a cike. Tirela lasin rukunin G take buƙata, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ba ta ba da lasin tuƙin haya ga wanda bai kai shekara 26 ba. In an ce ba komai, ka hau da ƙaramin lasinka, ka sani ranar haɗari shi ne abu na farko da za a riƙe a kanka.

Adadin da aka faɗa maka, tsayayyen albashin wata ne, ko an haɗa da alawus ɗin sawu? Masu ɗaukar aiki sun fi son faɗin abin da direban da ya fi kowa sawu ya samu a watan da ya fi kowane albarka. Kai ka tambayi abin da za a ba ka a watan da motarka ta kwana gareji tana jiran kayan gyara. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma cire waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da suka yi. Ke nan direban alhaji mai mota uku ba shi da wannan kariya, abin da ya ƙulla shi ne nasa.

Kuma sana'ar nan rabinta jira ne. Layin lodi, layin sauke kaya, jiran kira a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Da gadar Tatabu ta karye a 2017 tsakanin Mokwa da Jebba, manyan motoci sun yi kwanaki a jibge. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar Illela, motoci cike da kaya suka yi ta zama, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A irin waɗannan kwanaki direba yana ci, yaronsa yana ci, iyali a gida suna zuba ido. Kuɗin abincin kwana nawa ake bayarwa? In kwanakin sun zarce ba da laifinka ba, ana ƙarawa? Yaron motar, kamfani ke biyansa ko aljihunka?

Inda aka fi cin direba, inda kuma direba ya fi cin amanar mai mota, shi ne wajen mai. Dole a faɗi duka biyun. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, man da ke cikin tankin tirela ya fi albashin mai tuƙa ta nesa ba kusa ba. Masu motoci sun sha ganin direban da ke zuƙe mai ya sayar a bakin hanya, shi ya sa da yawansu suka koma yanke lita: hanya kaza, lita kaza, abin da ya haura a wuyanka. Tsarin ba shi da laifi in an yi shi da adalci. Rigimar tana wajen yadda aka yanke adadin. Sabuwar mota da wadda injinta ya gaji ba sa shan mai ɗaya. Mai ɗauke da siminti buhu 600, wato tan 30, ba ɗaya take da wadda aka lafta wa 900 ba. Hanyar da ta farfashe, inda za ka yi awanni a ƙananan giya, tana shan abin da lafiyayyar kwalta ba ta sha, balle in gada ko rikici ya sa ka yi zagaye. To lita nawa aka yanke wa wannan hanyar, a wannan motar, da wannan nauyin? In mai ya ƙare kafin a isa, wa za ka kira? Da wane farashi za a cire maka, na ranar da aka saya ko wanda akawu ya ga dama? Yi lissafin da kanka. A ce kowane sawu an rubuta maka giɓin lita 30, ka yi sawu 3 a wata, lita 90 ke nan. Ko a naira 1,000 aka lissafa, naira 90,000 ce, ta zarce mafi ƙarancin albashin gaba ɗaya. Sai ka tambayi ɗaya gefen. In ka yi tattali mai ya ragu, naka ne, ko ana rabawa, ko na kamfani ne? Rashin sanin amsar nan ya sa an kira mutanen kirki ɓarayi.

Ƙanin wannan shi ne shoti, wato giɓin kaya. An yi maka lodi, an rubuta adadi a webil, wato takardar rakiyar kaya, ka isa an ƙirga an ce bai cika ba. Buhun siminti yakan yage wajen lodi da saukewa. Albasa tana rage nauyi, tana ruɓewa in mota ta kwana biyu cikin rana. Sa yakan faɗi cikin bodi 'yan'uwansa su tattake shi. Man tanka kuwa zafi da sanyi kaɗai suna canza awonsa tsakanin daffo da gidan mai. Duk wanda ya san aikin ya san akwai ragin da ba hannun kowa a ciki. Nawa ne aka yafe? Za a bar ka ka tsaya kan lodi ka ƙirga da idonka kafin ka sa hannu? In an rufe kaya da hatimi, ka kai shi hatimin bai taɓu ba, har yanzu kai za ka biya?

Na taɓa riƙe takardar albashin wani matashin direba da ya kawo a karanta masa. A sama ga albashinsa cif yadda aka yi alkawari. A ƙasa kuwa layi-layi: giɓin mai, buhunan da suka yage, tayar da ta fashe kusa da Koko, tarar makara, da wani abu wai kuɗin ajiya da bai taɓa jin labarinsa ba. Abin da ya rage ba zai sayi buhun shinkafa ba. Yana tsaye yana juya hularsa a hannu, yana ta maimaita, "Wallahi Malam, ban sha musu ko lita guda ba." Da aka ɗauko takardar da ya sa wa hannu ranar farko, duk abubuwan nan suna ciki, a shafin ƙarshe.

Abin da bai sani ba shi ne sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa. Ko asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za a cire, kuma jimillar abin da za a yanka a wata kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. A fiƙihu ma asalin hukuncin shi ne wanda ka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ana take dokar nan sosai, amma wanda ya nuna ya san da ita tun a teburin ɗaukar aiki ya fi wuyar yanka.

Kada a gama magana a ofis ba ka ga motar ba, ita kanta wadda za a ba ka, da lambarta. Ka je da makanikenka ko tsohon maigidanka. Ka durƙusa ka dubi tayoyi ɗaya bayan ɗaya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma jami'an kiyaye haɗurra shekara 4 suke lissafa wa taya. A zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da awo ke haura digiri 40 a Sakkwato, kwalta ba ta yi wa tsohuwar taya uzuri. Ka tada injin, ka bar iska ta cika, ka kashe, ka taka birki ka riƙe, ka kasa kunne. In kana jin tsiii a ƙarƙashi, allurar iska tana sauka, wannan motar za ta ba ka kunya a gangare. Ka dubi inda kan motar ke kama bodi, fitilun baya, safaya, jak, tukunyar kashe gobara, takardun motar da ranar ƙarewarsu, da na'urar taƙaita gudu da aka tilasta wa motocin haya tun Fabrairun 2017. Duk lahanin da ka gani a rubuta shi, ku sa hannu ku biyu, ka ɗauki hoto da wayarka, in ba haka ba ɓarnar wanda ya gabace ka za ta zama taka. Sannan in ta lalace a daji, akwai lambar da za a kira da tsakar dare a ɗauka? Kamfani ke turo makanike da janwe, ko kai za ka gyara ka kawo rasit? In ka ce birki ba shi da kyau ba za ka tashi ba, maganar wa ce ta ƙarshe, taka ko ta mai ba da lodi?

Kuɗin hanya ba sai na daɗe a kansa ba, kowa ya san shingaye da masu karɓar harajin da ke tsakanin nan da Kudu. A dai yanke adadinsa, a kuma raba tarar da ke kan kamfani, irin ta takardu da nauyin kaya, da wadda ke kanka, irin ta gudu da ganganci. Kayan dawowa ma a fayyace: wani mai motar yana ba direba rabo a abin da ya samo bayan ya sauke albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, wani kamfanin kuwa kora ce in na'urar bin sawu ta nuna ka ratse. Amma akwai inda nake roƙon kowane sabon direba ya kafe, wato ɗora mutane a kan kaya. In an ce maka albashin kaɗan ne amma za ka samu a hanya, sau da yawa nufin shi ne ka cika saman mota da 'yan ci-rani. A Nuwamban 2023 wata tirela da ta taso daga Sakkwato za ta Legas, ɗauke da kaya da mutum sama da 200, ta kife a ƙauyen Takalafiya na ƙaramar hukumar Magama a jihar Neja. An rasa rayuka, da yawa suka jikkata. 'Ya'yanmu ne, daga ƙauyukanmu, kuma ranar da irin wannan ya faru direba ne ke tsayawa gaban alƙali da gaban Allah.

Tambayar da ba mai son yi, don kada a ce yana yi wa kansa mugun baki, ita ce ta haɗari. Inshorar da doka ta tilasta wa kowace mota ta wanda aka buge ce, shi da dukiyarsa. Ba ta biyan direba, ba ta biyan motar, ba ta biyan kayan da ke ciki. Kayan suna da tasu inshorar daban, kuma inda babu ita ne ake juyowa kan direba da garantonsa. Kai abin da ya tanade ka shi ne Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, ba tare da an taɓa naka ba, daga nan ake biyan magani da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, da iyalan wanda ya rasu. Sun yi rajista? Sunanka zai shiga? In an tsare ka a caji ofis a garin da ba ka san kowa ba, wa zai zo beli? Akwai lauya? Albashi zai ci gaba kafin a gama shari'a? Mai son tuƙa tanka ya ninka waɗannan tambayoyi. Bayan gobarar Majiya a jihar Jigawa a Oktoban 2024 da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, inda ɗimbin jama'a suka halaka, hukuma ta hana lodin tankokin lita 60,000 daga Maris ɗin 2025. Ka san girman wadda za a ba ka, da horon da za a yi maka kafin lodin farko.

Mu a nan akwai kuma maganar 'yan bindiga. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, da hanyoyin gabashin jiha wajen Isa da Sabon Birni, kowa ya san halin da suke ciki. A Kudu ma an sha lalata motocin 'yan Arewa da kayansu, har a 2021 masu fataucin albasa suka dakatar da kai kaya can na ɗan lokaci. Waɗanne hanyoyi za a riƙa tura ka? Kana da ikon ƙin ratsa wani wuri da dare ba tare da an rubuta maka tarar makara ba? In an tare hanya an kwashe kaya, ko an tafi da kai da yaronka, me kamfani ya yi wa waɗanda abin ya faɗa wa a baya? Labarin abin da suka riga suka yi za ka nema, ya fi alkawari.

Wa'adin da ake yanke wa sawu kuwa, ta nan ƙwaya ke shigowa. Daga Sakkwato zuwa Legas ta Tambuwal, Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa da Jebba kimanin kilomita 1,000 ne. Ƙa'idar hanya ta ba tirela kilomita 50 a awa a babbar hanya, wato awa 20 na tuƙi zalla, ban da salla da abinci da shinge. Wanda ya ce ka tashi yau ka sauke gobe da safe, kai kaɗai ba mai karɓar ka, ya san ba za ka yi barci ba, ya kuma san abin da ake haɗiya don kada a yi barcin. Samari da yawa da tiramol ya lalata sun fara ne don su cika wa'adin wani. Ka tambayi kwana nawa aka yanke, ina aka yarda ka kwana, bayan sawu nawa za ka ga iyalinka. Hutun da doka ta ba ka bayan wata 12 aƙalla kwana 6 ne na aiki da cikakken albashi. Fansho kuma, inda ma'aikata suka kai 15, kamfani na zuba kashi 10, kai kashi 8. In ana cire maka, ka tabbata kuɗin yana shiga asusunka na fansho.

Maganar garanto ta fi kowace taɓa zumunci. Da wuya a ba ka motar miliyoyi sai wani ya tsaya maka, wani wurin ma'aikacin gwamnati, wani wurin mai takardar fili ko gida. Yayanka ne ko surukinka ko limamin unguwa, don kunyarka yake sa hannu, da wuya ya karanta. Haƙƙinsa ne a kanka ka tambayo masa me ya lamunta: satar da ka yi da hannunka kaɗai, ko har haɗari da fashi da shoti? Har zuwa nawa? In ka bar aiki za a mayar masa da takardarsa? An ga 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda takarda ɗaya irin wannan. Haka in kamfani ne zai koya maka tuƙi ko ya yi maka lasin, tambayi shekarun da aka ɗaure ka da su da abin da za ka biya in ka tafi kafin su cika.

Duk amsar da aka ba ka a ofis, ka fita da ita ka gwada ta a waje. Je inda motocin kamfanin ke kwana, ka zauna wurin mai shayi, ka sami direban da ya daɗe da su, in da hali har wanda ya bar su. "Baba, albashi na zuwa bisa lokaci? Randa motarka tal lalace, wa yaz zo?" Makanikai da masu facin taya na bakin gareji sun fi manaja sanin motar da ake gyarawa da wadda ake lallaɓawa. In kullum kamfani cikin neman sababbin direbobi yake alhali motocinsa ba su ƙaru ba, mutane ne ke gudu. Ka tambayi matsayinsu kan ƙungiya, ta direbobi ta ƙasa NURTW ko reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai NUPENG, domin shiga ƙungiya haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba ka. In kuma an riga an cuce ka, akwai ofishin ƙwadago na tarayya, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai reshe a Sakkwato, sai dai dukansu takarda za su fara nema a hannunka.

Saura wanda zai yi aiki da alhajin unguwa, inda ba ofis ba fom, kuma da yawan yaranmu nan suke farawa. Ba a cewa dattijo ya kawo lauya. Abin da ake yi, a sami wanda ya kawo ka da wani mutum guda da alhajin ke jin nauyinsa, a zauna a zaure, a bi abubuwan nan da baki: ladan wata ko na sawu, litar mai, wanda ke biyan gyara da taya, rabon kayan dawowa, abincin kwanakin jira, abin da za a yi in an yi haɗari. Sai ɗaya daga cikinsu ya rubuta, da boko ko da ajami, da Hausar da kowa ya gane, a sa kwanan wata, shaidu su sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a waya. In farashin mai ya motsa ko an canza maka mota, a sake zama a gyara adadin.